Mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: wa za a rubuta, wa za a bari?

Baban Khadija, Tudun Wada:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawara a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Gombe, ina da mata biyu da 'ya'ya tara. Lokacin da aka yi mana rajistar inshorar lafiya ta wurin aiki, takardar ta ba da gurbin mace ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma da yake a wancan lokacin ban ƙara aure ba, uwargida da 'ya'yanta ne suka cike guraben. Yanzu babban ɗana ya cika 18 ya fita, gurbi ɗaya ya buɗe. Ɗan amarya mai shekara shida yana da sikila, auta a ɗakin uwargida kuma tana fama da asma, musamman da hunturu. Ita amaryar tana da ciki wata huɗu, haihuwarta ta baya kuwa sai da aka yi mata tiyata, kuma ba ta da kati. Tambayata biyu ce. Wane yaro zan rubuta ba tare da na zalunci wani ɗaki ba? Sannan ita kanta wannan ƙa'ida, adalci ce a ƙasar da dokarta ta amince da auren mace fiye da ɗaya?

Maman Yusuf, Bolari:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba yaran lafiya, ya sauki mai ɗakinka lafiya. Ni ma mace ta biyu ce a gidan mijina, saboda haka abin da ka faɗa na san ɗacinsa. Ranar da na kai ɗana wani asibiti, abokiyar zamana ta miƙa kati aka ba ta magani ta biya ɗan abin da ba a rasa ba, ni kuma na kwance bakin zani na biya kuɗin komai, alhali mijinmu ɗaya kuma ta dalilin aikinsa ɗaya aka samu katin. Ba ta yi mini laifin komai ba, amma takarda ta shigo gidanmu ta raba mu gida biyu: ɗakin masu kati da ɗakin marasa kati. Wanda ya tsara wannan ƙa'ida ya zana iyalin da ke cikin kansa ne, ba iyalan da ke Bolari da Jekadafari da Pantami ba.

Likitan Unguwa, Gombe:
Hajiya, na ji zafin maganarki, kuma ba zan ce ba ki da gaskiya ba. Sai dai ina so zaure ya san daga inda adadin ya fito. Dokar da ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, ta 1999 ce, aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, kuma tun daga farko an yi lissafin ne a kan kai shida: ma'aikaci, da abokin zamansa ɗaya, da 'ya'ya huɗu. Abin da ke shiga asusu wani kaso ne na albashi, ba ya ƙaruwa don iyalin mutum sun ƙaru. To idan mai kai shida da mai kai ashirin suka zuba abu ɗaya suka ɗebi daidai da yawansu, asusun ba zai kai ƙarshen shekara ba, domin dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Ƙofa ba a rufe take gaba ɗaya ba, ana iya ƙara mutum a biya masa daban, kuma wannan ita ce hanyar da nake ganin za a bi wa amaryar.

Game da yaran, a matsayina na likita ba ni da shakka: a rubuta mai sikila. Ciwonsa na tsawon rai ne, yana iya tashi da tsakar dare ya buƙaci kwanciya da ƙarin ruwa, wani lokacin har da ƙarin jini, kuma zazzaɓin cizon sauro da wani yaro zai warke a gida shi yana iya kai shi gadon asibiti. Asma ma ba abin wasa ba ce, amma idan an samu maganin shaƙa an kiyaye ƙura da hayaƙin itace, yawanci ana shawo kanta da kuɗin da bai kai na sikila ba. Amma bari in faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Shawarar da na bayar daidai ce ga uba, ga asusu kuwa ita ce babbar matsala, domin idan kowane magidanci ya zaɓo mafi rashin lafiya a gidansa ya rubuta, ya bar masu lafiya a waje, asusun zai cika da masu ɗiba ya rasa masu zubawa. Wannan ne ya sa ake sanya wa'adin jira kafin sabon kati ya fara aiki.

Maman Yusuf, Bolari:
Likita, ina da tambaya. Ka ce mai iyali kaɗan bai kamata ya ɗauki nauyin mai iyali da yawa ba. To ai ni a fahimtata dukkan tsarin a kan ɗaukar nauyin juna aka gina shi. Mai lafiya yana biya wa mara lafiya, darakta yana zuba fiye da abin da masinja ke zubawa amma gado ɗaya za a kwantar da su. Me ya sa wannan ya zama taimakon juna, na yawan iyali kuma ya zama cin hakki?

Likitan Unguwa, Gombe:
Amsar da masu tsarin za su ba ki ita ce, ciwo ba wanda ya zaɓe shi, ƙara aure kuwa mutum ne ya zaɓa da hankalinsa, don haka shi ya kamata ya ɗauki kuɗinsa.

Maman Yusuf, Bolari:
Miji ne ya zaɓa, Likita. Yaron bai zaɓi ya zo na biyar ba, bai kuma zaɓi ɗakin da za a haife shi ba. Idan hukunci ne na zaɓin uba, to a jikin ɗa yake sauka.

Likitan Unguwa, Gombe:
Wannan kam ba ni da amsarta, Hajiya. Abin da zan iya cewa shi ne, maganarki hujja ce a kan cewa lafiyar ƙananan yara da mata masu ciki bai kamata a rataye ta a wuyan albashin uba ba tun farko. Kamata ya yi ta fito daga harajin da kowa ke biya, ta yadda ɗan ma'aikaci na tara da ɗan mai tura baro na fari duk za su samu.

Ɗan Shongom, Kaltungo:
Sallama ga zaure. Ina karanta wannan muhawara ina jinjina kai, domin ku kuna maganar wanda za a rubuta a gurbi ɗaya da ya rage, mu kuwa a karkara ko takardar ba ta iso mu ba. Ni manomi ne, ba ni da albashin da za a cira. Da damina da lokacin girbi, abin da muke tsoro shi ne kububuwa. Wanda ta sara jini yake ta zuba daga dasashi da bakin ciwon, kuma idan ba a kai shi asibitin masu cizon maciji na Kaltungo an yi masa allurar maƙarin dafi da wuri ba, sai dai wani ikon Allah. Mutane suna zuwa wannan asibiti daga Taraba da Adamawa da Bauchi da Borno, kusan dukkansu manoma da makiyaya, waɗanda suke noma abincin da ma'aikaci ke ci. Wane tsarin inshora ne zai kama mutumin da kuɗi ke zuwa hannunsa sau ɗaya a shekara bayan ya sayar da masara? An ce dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga. Ta yaya za a wajabta wa mutum biyan abin da ba shi da shi? Kuma idan bai biya ba, me za a yi masa, a kore shi daga ƙofar asibiti yana zubar da jini?

Ummu Salma, Bauchi:
Baba Ɗan Shongom, tambayarka ita ce ginshiƙin maganar. Gaskiya ne, a watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta mayar da NHIS ta koma hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya ga kowa. Hikimar wajabcin ita ce abin da Likita ya ambata: idan aka bar wa kowa zaɓi, saurayi mai jini a jika ba zai shiga ba sai ranar da ciwo ya kama shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Amma dokar ba ta ce talaka ya biya daga aljihunsa ba. Ta tanadi asusun marasa galihu, wanda a lokacin sa hannun aka ce ana fatan ya ɗauki mutum miliyan 83. Kafin ita akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kusan rabinsa don biya wa talakawa inshora ta hannun hukumomin jihohi, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Wannan dokar ce kuma ta haramta wa asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ko mene ne dalili. Jihohinmu sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, a Gombe akwai GoHealth, mu a Bauchi muna da BASHCMA.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan kuɗin. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayya ya fi yawan tsayawa a wajejen kashi 4 zuwa 6. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita, a daidai ranar da suka fi kowa rauni. Gana da ta kafa nata tsarin a 2003 ba ta tsaya jiran albashi ba, ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan masarufi ta ce na lafiya ne, don haka duk wanda ya sayi kaya a kanti ya zuba nasa. Suna da nasu matsalolin, musamman jinkirin biyan asibitoci, amma sun gane cewa ƙasar da yawancin mutanenta manoma da 'yan kasuwa ne ba za ta dogara da takardar albashi ba. Mu ma an sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai suga a dokar kuɗi ta 2021, kuma ni ina ganin kuɗin nan ba su da wurin zuwa da ya fi asusun lafiya.

Malam Abu Zainab, Kumo:
Bismillah. Bari in ce wani abu, Allah ya sa mu dace. Da farko, mutanenmu da dama suna ƙyamar kalmar inshora, kuma ba don jahilci ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta bambance iri biyu. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar maka da alkawarin da ba ka san ko za ka amfana da shi ba don ya ci riba, ta ce ba ta halatta ba saboda jahiltar abin da aka saya. Ta taimakon juna kuwa, wadda mutane ke zuba gudummawa da niyyar kyauta don a agaza wa wanda masifa ta faɗa wa, ta halatta. Asalinta yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da mutanen ƙabilar Ash'ari, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Wannan ne ya sa jihohinmu na Arewa suka fi son kalmar taimakekeniya. Amma suna kaɗai ba ya halatta abu. Idan taimakekeniya ce, to masu zubawa suna da hakkin su san nawa aka tara, nawa aka kashe, ina aka ajiye ragowar.

Amma kai Baban Khadija, ka sani cewa Shari'a ba ta san gurbi huɗu ba. Ɗawainiyar iyalinka gaba ɗaya a kanka take, kati kuwa wani sauƙi ne da ya zo maka. Adalci tsakanin 'ya'ya a wajen ciyarwa da magani ba shi ne a ba kowa abu iri ɗaya ba, shi ne a ba kowa gwargwadon buƙatarsa, kamar yadda ba a ɗinka wa jariri da saurayi riga da yadi ɗaya. Ka rubuta wanda ciwonsa ya fi tsanani, kuɗin da katin ya rage maka kuma ka mayar da su wajen maganin 'yar uwarsa da haihuwar matarka. Kuma kada ka yanke hukuncin kai kaɗai a ofis, ka zaunar da su biyun ka gaya musu dalili.

Baban Khadija, Tudun Wada:
Na gode, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Akwai wani abu da na ji nauyin faɗa da farko. Wani abokin aikina ya ce mini kada in wahalar da kaina, idan autar ta tashi da ciwo in kai ta da katin yayarta Khadija, tunda tazararsu ba yawa kuma suna kama. Ya ce kowa haka yake yi. Ban yi ba, amma ba zan ɓoye muku cewa zuciyata ta karkata ba.

Ungozoma, Dukku:
Yayana, gara da ka fito da ita fili, domin wannan abu ni a gabana yake faruwa. Shekarata goma sha huɗu ina aiki a ƙaramin asibitin karkara. An taɓa kawo mini yarinya tana naƙuda da katin kishiyarta, na duba hoton na dubi fuskarta na gane. Da na bi ƙa'ida, sai in ce su je su nemo kuɗi, ga dare, ga jini ya fara. Na karɓe ta, Allah ya sauke ta lafiya, washegari na kira mijin na gaya masa cewa ba zan rubuta haihuwar da sunan wata ba, muka san yadda muka yi da kuɗin. Har yau ban daina tunanin daren nan ba. Amma ku ji haɗarin: fayil yana ɗauke da rukunin jinin mai shi, da magungunan da jikinsa ba ya karɓa, da tarihin ciwonsa. Ranar da aka yi wa yarinya aiki da bayanan yayarta, kuskuren da zai biyo baya ba kuɗi ne zai gyara shi ba.

Sannan ina so in ƙara a kan maganar Ummu Salma. Idan aka ba mazaɓa guraben talakawa, adadi ne ƙayyadadde, talakawan kuma sun ninka shi. Wa zai zaɓa? Na ga inda aka zauna da mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata aka tantance a bainar jama'a, sunayen suka fito ba wanda ya yi gardama, domin kowa ya san gwauruwar da ke riƙe da marayu biyar. Na kuma ji labarin inda takardar ta fito daga ɗakin wani mai faɗa a ji. Wadda ta fi kowa talauci sau da yawa ita ce ba ta da lambar ɗan ƙasa, ba ta da waya, ba ta da kuɗin mashin zuwa wurin rajista, don haka tun kafin a fara zaɓe ta faɗi.

Malam Abu Zainab, Kumo:
Amfani da katin wani ha'inci ne, domin dukiyar ta jama'a ce da aka tara bisa sharaɗi, kuma musulmi suna kan sharuɗɗansu. Lalurar ceton rai daban take, abin da Malama Ungozoma ta yi na karɓar mai naƙuda sannan ta ƙi rubuta ƙarya shi ne daidai. Amma mutum ya shirya tun yana gida cewa da katin wance zan riƙa kai wance, wannan ba lalura ba ce, dabara ce.

Alhaji Mai Ritaya, Bajoga:
'Ya'yana, ku ba tsoho dama. Na yi wa gwamnati aiki shekara 35. Duk tsawon shekarun da nake da kati, in ban da zazzaɓi da ciwon haƙori ban san na je asibiti ba. Ina ajiye aiki sunana ya fita daga tsarin ma'aikata, kuma a shekarar ce hawan jini da ciwon suga suka sallama mini. Yanzu kowane wata sai na ware wani kaso na fansho na kai kantin magani, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, wasu manyan kamfanonin magani irin su GSK suka tattara nasu, farashin ya ninka. Ina tambayar masu ilimin zauren nan, wane irin taimakon juna ne zai riƙe ka lokacin da kake da ƙarfi, ya sake ka ranar da ƙafarka ta fara rawa? Baban Khadija, kai ma ka sa wannan a lissafinka, domin ɗanka mai sikila zai cika 18 wata rana, kai ma za ka ajiye aiki, ciwon kuwa ba ya ritaya.

Likitan Unguwa, Gombe:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka faɗa rauni ne na gaske a tsarin, kuma a ganina gyaransa shi ne a riƙa ware wani abu tun mutum yana aiki domin shekarun tsufansa, kamar yadda ake yi wa fansho.

Tunda an taɓo mu masu asibiti, bari in faɗi namu laifin da namu uzurin. Ana biyan asibitin matakin farko wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru masu yawa kuɗin nan naira 750 ne a wata a tsarin tarayya, sai a 2024 aka fara ƙara shi. Ku lissafa da wancan tsohon kuɗin: asibiti mai mutum 1,000 zai karɓi naira 750,000 a wata, daga ciki zai ga duk wanda ya zo, ya yi gwaji, ya ba da magani, ya sayi man janareto. Manufar tana da kyau, wato likita ya fi son ka zauna lafiya a kan ka yi ta zuwa. Amma idan farashin magani ya ninka kuɗin bai motsa ba, ko kamfanin da ke tsakanin asusu da asibiti ya jinkirta biya, sai jarabawa ta zo wa likita: ya ce maganin ya ƙare a je waje a saya, ko ya tura mara lafiya gaba ba da dalili ba, ko ya fi sakar wa mai biyan kuɗi hannu fuska. Wanda ya yi haka ya ci amana, ban wanke shi ba. Sai dai tsarin da ke sa mai gaskiya ya yi asara kullum, shi ma yana da nasa kason na alhaki.

Abu mafi nauyi kuma shi ne abin da asusu zai ce ba zai biya ba. Mai ciwon ƙoda yana buƙatar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako har iya rayuwarsa, in ba an yi masa dashe ba. Abin da za a kashe masa a shekara zai iya biyan awon ciki da haihuwar mata da yawa. Na taɓa zama da wani magidanci da ya sayar da gonarsa, sannan shanunsa, sannan filin da ya ajiye wa 'ya'yansa, bayan wata bakwai ya rasu, iyalin suka rasa shi suka rasa abin da za su ci. Idan na ce asusu ya ɗauke shi, na san daga bakin wasu matan na cire. Idan na ce kada ya ɗauke shi, to ni ne zan dubi idonsa in gaya masa.

Ummu Salma, Bauchi:
Likita, babu ƙasar da ta tsira daga wannan zaɓin. Ko Ingila, da take da tsarin lafiya na kyauta tun 1948, tana da hukumar da ke auna sabon magani ta ce wannan amfaninsa ya kai kuɗinsa, wancan bai kai ba. Bambancin shi ne suna bayyana dalilinsu a rubuce, ana iya ƙalubalantarsu. Mu a nan zaɓin yana faruwa ne a ɓoye, a bakin tagar biyan kuɗi, kuma wanda ya fi sanin mutane shi ke tsallakewa. Ni ra'ayina a fara da abin da ke kashe mutane da yawa kuma maganinsa ke da araha: zubar jini da jijjiga wajen haihuwa, zazzaɓin yara, gudawa, maƙarin dafin maciji. Sanarwar da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya yi a Nuwamban 2024 ta yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta tana kan wannan hanya, kuma duk wanda ya taɓa zuwa cibiyar masu yoyon fitsari ta Ningi ya ga abin da doguwar naƙuda ke jawowa zai fahimci dalili. Manyan cututtuka irin na ƙoda da daji kuwa a yi musu asusu na daban, kuma a nan nake ganin masu hannu da shuni da zakka da waƙafi suna da babban gurbi.

Malam Abu Zainab, Kumo:
A yi hattara da zakka, 'yata. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba, kuma malamai da yawa sun sharɗanta a mallaka wa faƙirin abin a hannunsa. Zuba ta a asusun da mawadaci da matalauci ke ɗiba tare akwai matsala. Amma a biya wa wani faƙiri sananne kuɗin shigarsa da izininsa, ko a biya bashin asibitin da ya yi masa katutu, wannan yana da fuska mai ƙarfi, domin mabarta suna cikin takwas ɗin. Waƙafi ya fi faɗi. Asibitocin Bagadaza da Alƙahira na da, da waƙafi aka riƙe su. Attajirin da zai gina shaguna a kasuwa ya ce hayarsu ta masu wankin ƙoda ce har abada, ya yi sadaka mai gudana.

Ɗan Shongom, Kaltungo:
Idan za a karɓi kuɗin shiga da kaka, lokacin da hatsi ke hannu, ko ta hannun ƙungiyar manoma kamar yadda muke yin adashi, da yawanmu za mu shiga. Sharaɗinmu ɗaya ne, ranar da muka zo mu tarar da magani. Manomi idan ya biya sau ɗaya aka ce masa babu, shekara mai zuwa ko da goro aka roƙe shi ba zai sake ba.

Baban Khadija, Tudun Wada:
Jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na zaunar da su biyun kamar yadda Malam ya ce. Ban gama bayani ba uwargida ta ce a rubuta yaron, ta ce ita ce ta kwana da shi a asibiti wancan karon da uwarsa ke jego, ta ga yadda yake murƙususu. Mun yi magana cewa kowane wata zan ware kuɗin maganin shaƙar auta kafin a taɓa komai. Ita amarya zan biya mata a matsayin ƙarin mutum. Abin da ya rage mini shi ne wa'adin jiran da Likita ya ambata, ina tsoron kada haihuwa ta zo katin bai fara aiki ba.

Ungozoma, Dukku:
Allah ya yi wa uwargidanka albarka. Yayana, wata huɗu ne cikin, saboda haka gobe da safe ka je ka cike takardar, ka tambaye su ranar da katin zai fara aiki, a rubuta maka, ka kuma tambaya ko tiyatar haihuwa tana cikin abin da ake biya wa wanda aka ƙara. Kada ta jira kati kafin ta fara awo, ta fara a wannan makon. Tunda an taɓa yi mata tiyata, ba a gida za ta haihu ba, ba kuma a ƙaramin asibiti irin nawa ba, sai inda akwai ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini. Ka sa a gwada rukunin jininta yanzu, ka nemi mutum biyu cikin dangi da za su iya ba ta, ka riƙe lambobinsu. Jaririn kuma idan ya zo, a gwada shi da wuri a san ko yana da sikila kamar yayansa.